Amfani da Na'urori Wajen Koyar da Naƙasassu: Sharuɗɗan da Ya Kamata a Cika

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi bayanin yadda na'urori suke taimaka wa malami da ɗalibi a fagen ilmin naƙasassu, watau abin da ake kira ilmi na musamman, sa'an nan mu nuna sharuɗɗan da sai an cika su kafin na'ura ta yi amfani a makarantunmu. Za mu taƙaita magana a kan makafi da kurame da guragu. Za mu kuma riƙa auna bayaninmu da halin da ake ciki a Hanwa ta ƙasar Zazzau, domin kuwa Hanwa tana tsakanin wurare biyu da wannan aiki yake bukata: ta gefe guda ga Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, ta ɗaya gefen kuma ga Sabon Gari da kasuwarta da masu gyare-gyarenta.

Batun ba ƙarami ba ne. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya sun fitar da rahoto cewa mutum fiye da biliyan 2.5 suna bukatar wani abin tallafi, kamar tabarau ko na'urar ƙara ji ko keken guragu, kuma kusan biliyan 1 daga cikinsu ba su samu ba. A wasu ƙasashe matalauta kashi 3 cikin 100 na mabukata ne kawai suke samu. Yaron da ya rasa irin wannan tallafi a shekarun firamare, sau da yawa ya rasa karatun ke nan gaba ɗaya.

2.0 Waiwaye

Hausawa ba su jira zuwan boko ba kafin su yi wa naƙasassu tsari. A manyan biranenmu akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da makamantansu, kuma makafi da yawa sun haddace Alƙur'ani ta hanyar saurare da tilawa. Misali mafi kusa da mu shi ne Alhaji Aliyu Namangi, mutumin Zazzau, wanda ya rasa ganinsa tun yana yaro, ya rasu a 1990. Waƙoƙinsa na Imfiraji sun zagaye ƙasar Hausa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Amma fa a lura, duk da zurfin ilminsa, abin da ya tsara bai shiga takarda ba sai da hannun wani. Wannan dogaro da idon wani ko hannun wani shi ne ainihin abin da na'ura ta zo ta rage. Saboda haka ma'aunin da za mu yi amfani da shi a wannan takarda shi ne: shin na'urar ta sa ɗalibi yana karatu da rubutu da kansa, ko kuwa har yanzu sai da ɗan jagora?

Ta fuskar boko, 'yan mishan sun buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953. Andrew Foster, wani baƙar fatar Amurka wanda shi kansa kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Shekarar 1977 kuwa ta zo da abubuwa uku: Manufar Ilmi ta Ƙasa ta keɓe sashe guda domin ilmi na musamman, aka buɗe kwalejin horon malaman naƙasassu a Oyo, aka kuma buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano. Daga baya, sanarwar Salamanka ta 1994 ta ja hankalin duniya ga koyar da naƙasassu tare da sauran yara a aji guda. Ma'anar wannan ita ce, malamin firamare na Hanwa, wanda bai yi horo a Oyo ba, yana iya samun makaho ko kurma a ajinsa, kuma nauyin yana kansa.

3.0 Yadda Na'urorin Suke Aiki

3.1 Makafi

Tushen karatun makafi shi ne rubutun da Louis Braille na Faransa ya ƙago, aka buga shi a 1829. Kowane harafi ana gina shi daga ɗigo shida masu tudu, uku a hagu, uku a dama, kuma daga waɗannan ɗigo ana samun alamomi 63. Kayan rubutu mafi arha shi ne allo mai ramuka da tsinke. Ɗalibi yana huda takarda daga dama zuwa hagu, sa'an nan ya juya ta ya karanta da yatsa daga hagu zuwa dama. Keken rubutu na Perkins, wanda ya fito a 1951, yana da maɓalli shida, ɗaya ga kowane ɗigo, kuma ɗalibi yana iya taɓa abin da ya rubuta ba tare da ya cire takardar ba. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a darasin lissafi, inda ake bukatar komawa layin baya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan biyu da yake bukatar wutar lantarki.

Bayan su sai na'urorin murya. A da rikoda da kaset ne, yau kuwa kwamfuta da wayar hannu ne. Akwai manhajar da take karanta abin da yake kan allon kwamfuta da murya, kamar JAWS, wadda ake saya, da NVDA, wadda wani makaho ɗan Ostareliya, Michael Curran, ya fara a 2006, kuma kyauta ce. Wayoyin Android suna zuwa da TalkBack. Amma akwai abu biyu da ya wajaba malami ya sani. Na farko, manhajar tana karanta rubutu ne, ba ta karanta hoto, saboda haka idan malami ya ɗauki hoton takardar darasi ya tura wa ɗalibai, makahon cikinsu bai samu komai ba, sai an sake bi da hoton ta wata manhajar mai tsamo haruffa. Na biyu, saurare ba ya koyar da ƙa'idojin rubutu. Yaron da ya tashi da murya kaɗai ba zai san inda ake raba kalma ko inda ake sa aya ba. Don haka rubutun makafi shi ne farko, murya ta biyo baya.

3.2 Kurame

Ƙyanda da sanƙarau suna daga cikin cututtukan da suke kurmantar da yara a ƙasar nan. Annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, galibinsu a Arewa. Na'urar ƙara ji tana da sassa uku: mai ɗaukar sauti, da mai ƙarfafa shi, da mai zuba shi cikin kunne. Tana amfanar wanda yake da sauran ji, kuma sai an auna kunnen yaro an saita ta daidai da irin rashin jinsa. Bugu da ƙari, robar da ake sakawa cikin kunne sai an riƙa sauya ta yayin da yaro yake girma, batirinta kuma kwanaki kaɗan yake yi. Har ila yau, na'urar tana ƙarfafa hayaniya kamar yadda take ƙarfafa muryar malami. A ajin da yake cike maƙil, ƙarƙashin rufin kwano marar silin, yaron yakan cire ta ya sa aljihu, kuma yana da hujja.

Ga yaron da ba ya ji ko kaɗan, na'urar da ta fi amfani ita ce mai ɗaukar hoto mai motsi. Da wayar hannu ana iya naɗar darasi cikin maganar hannu, yaro ya maimaita kallonsa a gida tare da iyayensa, su ma su koya. Rubutun da ake sawa a ƙarƙashin hoto kuwa ba ya amfanar wanda bai riga ya iya karatu ba.

3.3 Guragu

An tabbatar da kawar da ƙwayar shan'inna ta asali daga Nijeriya a 2020, amma waɗanda ta naƙasa suna nan, ga kuma haɗarin mota da na babur. Bukatar waɗannan ɗalibai yawanci ta isa aji ce da zama a cikinsa: keke, da gangara a maimakon matakala, da teburin da keke yake shiga ƙarƙashinsa, da makewayi mai faɗin ƙofa. Wanda hannunsa yake rawa ana kaurara masa fensir da roba, ko a ba shi kwamfuta ya buga. Mafi yawan waɗannan aikin masu walda ne da kafintoci da magina.

4.0 Sharuɗɗa Uku

4.1 Harshe

Yaron Hanwa da Hausa yake fara karatu, alhali na'urorin nan an gina su ne da wasu harsuna. Muryar da aka saita don Ingilishi takan ɓata kalmomin Hausa, takan kuma tsallake ɓ da ɗ da ƙ, ko ta kira su da baƙon suna. Idan kuma mai buga darasi ya yi sakaci da haruffa masu lanƙwasa, sai baki ya zama ɗaya da baƙi, kafa ta zama ɗaya da ƙafa. Mai gani yana iya komawa baya ya gane abin da ake nufi, mai saurare kuwa kalmar ta riga ta wuce shi. Daɗin daɗawa, rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya ne, haka wuya na jiki da wuya ta wahala. Duk muryar na'urar da za ta karanta Hausa daidai sai ta iya zaɓe daga ma'anar jimla, kuma wannan aiki ne na masana harshe tare da masana kwamfuta.

Kurame su ma suna da tasu matsalar. Constanze Schmaling ta nuna a littafinta na 2000 cewa maganar hannu ta Hausawa harshe ce mai ƙa'idojinta. Amma alamun da ake koyarwa a makarantu sun samo asali ne daga na Amurka, ta hanyar aikin Foster. Idan aka sauko da darussa daga intanet aka nuna wa yaron da ya tashi da maganar hannu ta gida, to an ba shi baƙon harshe ne a kan baƙon darasi.

4.2 Malami

Na'ura ba ta wuce sanin malamin da yake riƙe da ita. Idan ɗalibi ya yi jinga da rubutun makafi, malami kuma bai iya karanta shi ba, sai an nemo mai juyawa, ɗan jagora ya dawo ke nan. Alamomin haruffa ba su fi ƙarfin ɗalibin kwaleji ya koye su cikin zango guda ba, domin mai gani da ido yake karanta su. Abin da muke gani shi ne, darasin ilmi na musamman da ake yi wa ɗaliban kwalejojin ilmi ya fi karkata ga ma'anoni da rabe-raben naƙasa. Ya kamata rabinsa ya koma aikin hannu: huda takarda, da kunna TalkBack, da gwada batirin na'urar ƙara ji kowace safiya.

4.3 Gyara da Wuta

Kyautar na'ura takan zo da biki da ɗaukar hoto, amma ba ta cika zuwa da kuɗin takarda mai kauri ko batir ko kayan gyara ba. Ranar da maɓalli guda ya maƙale, sai a kulle keken rubutu a ofishin hedimasta. Kafin makaranta ta karɓi na'ura, ya kamata ta tambaya: wa zai gyara ta, a ina, kuma da wace wuta za ta yi aiki? A nan wayar hannu ta fi sauran, domin masu gyaranta suna nan a Sabon Gari, kuma ƙaramin faifan hasken rana ya isa ya yi mata caji. Keken Perkins kuwa ƙarfe ne da mai da sukurori, kuma mai gyaran keken ɗinki zai iya koyon aikinsa idan an ba shi horo.

5.0 Shawarwari

Doka ta riga ta share hanya. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Marakesh a 2017, wadda ta halatta juya littattafai zuwa sigar da makafi za su iya karantawa. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin kuma ya cika a 2024. Hukumar JAMB ita ma ta kafa wani rukuni a 2017 domin shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a. Abin da ya rage namu ne, kuma muna ba da shawara kamar haka:

(a) Kowane malami ya riƙa ba da takardun darasi cikin rubutun kwamfuta na ainihi, da haruffa masu lanƙwasa daidai.

(b) Sassan Hausa da na kwamfuta na jami'o'i da kwalejoji su haɗa kai wajen tara muryoyin Hausa da inganta na'urar karanta ta.

(c) A naɗi darussan aji ɗaya zuwa uku cikin maganar hannu, kuma kurame manya su ne za su tsaya gaban na'urar.

(d) Kada a ba ɗalibin kwaleji shaidar malanta sai ya rubuta shafi guda da rubutun makafi, ya kuma karanta shi.

(e) A kowace ƙaramar hukuma a horar da masu gyara daga cikin 'yan kasuwa, a kuma ware kuɗin batir da takarda a kasafin kowace shekara.

6.0 Kammalawa

A wannan takarda mun yi bayanin na'urorin da makafi da kurame da guragu suke bukata, mun kuma nuna cewa amfaninsu ya rataya ne a kan harshe da malami da gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata a shirya waɗannan uku tun kafin na'ura ta iso, domin yaron da yake aji ɗaya bana ba zai iya jira shekara shida a gyara kuskure ba. Muna fata mahalarta wannan taro za su tattauna shawarwarin nan, musamman (a) da (d), waɗanda ba sa bukatar jiran kuɗi daga ko'ina.