Ciwon ciki bayan aikin ƙarfi ga mai murmurewa daga ciwon hanta

Hanta tana zaune ne a saman ciki ta gefen dama, a ƙarƙashin haƙarƙari, kuma nauyinta a jikin baligi ya kai kimanin kilo ɗaya da rabi. Naman hantar kansa ba ya jin zafi. Abin da ke jin zafi shi ne siririn tantanin da ya lulluɓe ta, wanda likitoci ke kira da sunan Francis Glisson, likitan Ingila da ya yi bayaninsa a 1654. Idan hanta ta kumbura sai ta ja wannan tantani, mutum ya ji nauyi ko suka a gefen dama. Kumburin ba ya sauka ranar da ido ya washe. Shawara kan wuce, fitsari ya koma kalarsa, cin abinci ya dawo, amma hanta tana nan tana gyara kanta na tsawon makonni, wani lokaci har watanni shida.

A gari irin Zermu, cikin gundumar Mirya ta jihar Damagaram, motsa jiki ba sai an je filin wasa ba. Noman gero ne da hauya, jan guga a rijiya mai zurfi, daka da surfe, ɗaukar buhu ranar kasuwa, sai kokawa da ƙwallo ga samari. Damina ba ta jiran mara lafiya, don haka da yawa kan koma gona da zarar sun iya miƙewa. A nan ne ciwon ke fitowa, kuma dalilansa ba ɗaya ba ne.

Mafi yawa abu ne mai sauƙi. Wanda ya yi makonni a kwance naman jikinsa ya saki, har da na bangon ciki, sai ya yi tsami bayan aiki kamar yadda cinya ke yi. Irin wannan ciwo yana ƙaruwa idan an danna wurin ko an yi tari, kuma yana wucewa cikin kwana biyu ko uku. Akwai kuma sukan haƙarƙari da ke kama ko mai lafiya idan ya yi gudu da cikakken ciki, wanda ke lafawa da an tsaya an ja numfashi. Bayan haka, lokacin aiki mai tsanani jiki yana karkatar da jini daga hanji da hanta zuwa hannuwa da ƙafafu. Idan aka haɗa da zafin watan Afrilu ko Mayu, da ke wuce digiri 40 a wannan yanki, da ƙarancin shan ruwa, sai a samu murɗar ciki da tashin zuciya. Hanta ce kuma rumbun sukarin jiki. Wadda ba ta gama warkewa ba ajiyarta kaɗan ce, shi ya sa jiri da karkarwa kan biyo bayan ciwon ga wanda ya fita gona bai karya kumallo ba.

Lamarin yana canzawa idan ciwon hantar ya daɗe. Nau'in A da E, da ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa da abinci, yawanci suna wucewa gaba ɗaya, ko da yake E na da haɗari ƙwarai ga mai juna biyu, kamar yadda aka gani a ɓarkewarsa a Diffa a 2017. Nau'in B kuwa, wanda ya yi yawa a Nijar da arewacin Najeriya, yana iya zama a jiki shekaru ba tare da alama ba, musamman ga wanda ya ɗauke shi tun yana jariri. A hankali hanta ta yi tabo ta ƙandare, jinin da ke zuwa mata daga hanji ya rasa hanya, ya taru a baya. Saifa ta kumbura a gefen hagu, ruwa ya taru a ciki, jijiyoyin maƙoshi su cika su yi laushi. Ga mai irin wannan hali, yunƙurin ɗaga buhu tare da riƙe numfashi na ƙara matsi a waɗannan jijiyoyi, faɗuwa a kokawa na iya fasa saifa, kuma cikin da ya cika da ruwa na iya tura cibiya waje. Wannan ne ya sa sanin nau'in ciwon ya zama farkon magana, kuma ba a saninsa da duban ido sai da awon jini da hoton ciki, irin waɗanda ake yi a babban asibitin Damagaram.

Wasu alamu ba sa jiran wayewar gari: aman jini, bayan gida baƙi kamar kwalta, ciwon da ke ƙaruwa ko da an huta, zazzaɓi tare da kumburin ciki, dawowar shawara, ko ruɗewa da yawan barci da rana. Ciwo mai tsanani a hagu da ke harbawa zuwa kafaɗa bayan duka ko faɗuwa shi ma na gaggawa ne.

Wani abin da ke cutar da mutane shi ne maganin da suke nema wa ciwon. Ƙwayoyin rage zafi irin su diclofenac da ibuprofen, da ake saye a tire a kasuwa, suna iya jawo zubar jini a ciki su taɓa ƙoda ga mai tsohon ciwon hanta. Paracetamol ma hanta ce ke sarrafa shi, don haka likitoci kan rage adadinsa ga irin waɗannan marasa lafiya. Tramol da wasu ke sha don su daɗe a gona yana ɓoye kashedin da jiki ke bayarwa. Jiƙon saiwoyi da ba a san ƙarfinsa ba shi ma ta hanta yake bi, ga kuma gyaɗar da ta yi hunhuna a ajiya, wadda gubarta ke ƙara haɗarin sankarar hanta ga mai nau'in B.

Duk da haka kwanciya ba magani ba ce. Rashin motsi na ƙara zubar da naman jiki, kuma ramewa na daga cikin abubuwan da ke raunana mai ciwon hanta. Abin da likitoci ke so shi ne komawa aiki daki-daki: tafiya da sanyin safiya, sannan ƙaramin aiki, ana ƙarawa mako bayan mako muddin ciwon ba ya daɗuwa. A bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakanin tuwo da aiki, a riƙa kurɓar ruwa mai tsabta, a sha kunu ko fura kafin barci don kada hanta ta kwana ba ajiya. Mai ruwa a ciki ko kumburarriyar saifa kuwa, ɗaukar kaya mai nauyi da kokawa sai likitan da ya duba hoton cikinsa ya amince.