Herbert Schäfer: Bajamushen da motarsa ta zama jakin manoman Kura

A ranin da ya gabata aikin tattara kalmomin noman rani ya kai ni yankin Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke bin hanyoyin ruwa yana shayar da shinkafa da alkama da tumatir. Da na tashi dawowa sai na shiga wata tsohuwar Golf, wadda direbobinmu ke kira Golof. Mu biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, but kuma a buɗe, an danƙara buhunan shinkafa an ɗaure da igiya, an ɗora injin ban ruwa a kai. Na tambayi direban ko ya san wanda ya zana wannan mota. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ban san shi ba, amma ko wane ne ya san talaka." Wannan amsa ce ta sa na nemi sanin mutumin.

Sunansa Herbert Schäfer, Bajamushe, wanda ya shugabanci sashen zayyana motoci na kamfanin Volkswagen da ke Wolfsburg tun daga shekarun 1970 har zuwa 1993, lokacin da Hartmut Warkuss ya gaje shi. Ba shi ya zana Golf ta farko ba. Wannan aikin Giorgetto Giugiaro ne, mutumin Italiya, kuma ta fito a 1974, shekarar da aka kammala madatsar Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako. Schäfer ya gaji motar ne bayan ta yi suna, aka ɗora masa nauyin sabunta ta ba tare da ya kore masu sayenta ba.

Da Golf ta biyu ta fito a 1983, masu sharhi a Turai sun yi ta gunagunin cewa ba ta bambanta da ta farko ba sosai. Schäfer ya ƙara mata girma da faɗin ciki, ya rage kaifin kusurwoyinta, amma ya bar mata kamanninta, musamman faffaɗan ginshiƙin nan na baya da ke riƙe da rufi. Kasuwa ce ta raba gardama, domin an ƙera sama da miliyan 6. A 1991 ta uku ta biyo baya da fitilunta masu siffar ƙwai, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1992, sannan a 1993 aka fito da mai dogon baya, wadda a yau ita ce abar ƙaunar direbobinmu. Aƙidarsa a bayyane take cikin aikinsa: kada a canja abin da ke aiki don kawai a burge ido. Kamfanin bai saki wannan tafarki ba har yau, shi ya sa yaro ma yakan gane Golf ko wace iri ce.

To, yaya aka yi motar da aka zana domin ma'aikacin Jamus da iyalinsa ta ƙare a kan hanyar Kwanar Gafan? A 1975 aka fara harhaɗa motocin Volkswagen a Legas, na Fijo kuma a Kaduna. Amma bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, balle manomi. Sai muka koma ga 'yan Kwatano, wato motocin da Turawa suka gama yayinsu. Cikin duk waɗanda suka shigo, Golf ta uku ce ta fi karɓuwa a Arewa, kuma ba banza ba. Ba ta shan mai da yawa, injinta a sarari yake ga bakanike mai sifana da basira, kuma yawan da aka ƙera ya sa kayan gyaranta suka wadata a Ƙofar Ruwa. Idan aka kwantar da kujerun baya, ta zama akori-kura.

Sai dai kada yabon ɗan kuturu ya rufe mana ido. Schäfer bai taɓa zana wannan mota da buhun shinkafa a ransa ba. Mutum biyar aka yi ta domin su, a kan titi mai santsi. Makanikanmu da masu walda su ne suka sake zayyana ta: suka ƙara mata ƙarfin ƙafa, suka ɗaga bayanta, suka ƙarfafa duk inda ke tsagewa. Amma birkin da aka auna da nauyin mutum biyar ba zai tsayar da nauyin mutum bakwai da buhunansu a tazara ɗaya ba, kuma duk mai bin hanyar Kano zuwa Zariya ya ga gawarwakin irin waɗannan motoci a gefen titi. Ga kuma tsufa. Mafi ƙuruciyarsu tana dab da shekara 30, waɗanda suka biyo bayansu kuwa cike suke da kwamfuta, ba sa jin yaren bakaniken ƙauye. Ranar da jakin nan zai kwanta, me zai fitar da tumatir daga gona kafin rana ta dafa shi?

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne giɓin da na tarar a cikin kalmominmu. Muna da direba da kwandasta da bakanike da kamasho, duk mun aro mun hausantar. Amma ba mu da sunan da ya zauna a bakin jama'a na mutumin da ke zama ya auna jikin ɗan Adam da kayansa da hanyarsa kafin a bugi ƙarfe. Ni kaina sai da na yi ta laluben "mai zayyana" kafin na rubuta wannan maƙala. Harshe ba ya raɗa wa abin da babu shi suna.

Darasin Schäfer shi ne ya san wanda yake yi wa zane, ya kuma tsaya a kansa ko da ana sukarsa. Muna da sassan injiniyanci a Jami'ar Bayero da ta kimiyya da fasaha ta Wudil, muna da makanikan da suka shekara talatin suna gyara kuskuren da ke tsakanin titin Jamus da hanyar gona. Abin da ya rage shi ne a haɗa su wuri guda, a tura ɗalibai bakin gonakin Kadawa su auna kwandon tumatir da ramin hanya da aljihun manomi, su zana abin hawa ko da mai ƙafa uku ne. Kayan aro ba ya rufe katara. Allah Ya sa masu faɗa a ji su ji.