Farfaɗo da Shuke-shuken Lambu Bayan Wucewar Hunturu

Duk wanda ya ratsa Gafasa, a Ƙaramar Hukumar Ajingi ta Jihar Kano, a ƙarshen watan Fabrairu zai ga yadda hunturu ya bar lambuna. Lalle ya yi furu-furu, lemun tsami ya naɗe ganye, shingen aguwa da na bini-da-zugu kuwa sun koma tsirara kamar an kafa itacen girki. A daidai wannan lokaci ne ake tumɓuke shuke-shuke da yawa bisa zaton sun mutu, alhali kuwa da ransu.

A ƙasashen Turai, sanyi ne ke daskarar da ruwan da ke cikin tsiro har ƙwayoyin halittarsa su fashe. A ƙasar Kano ba a kaiwa ga haka, domin ko a daren Janairu sanyin bai cika sauka ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyos ba. Ɓarnar hunturu ta bushewa ce. Iskar tana kaɗowa daga arewa maso gabas tun daga Nuwamba, ɗauke da ƙurar da akasarinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, kuma danshin da ke cikinta kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana. A jikin ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira sitomata. Ta nan tsiro ke shaƙar iskar da yake haɗa abincinsa da ita, ta nan kuma ruwa ke fita. Idan busasshiyar iska ta kwashe ruwan fiye da yadda saiwa ke iya jawowa daga rairayi, sai ƙofofin su rufe, haɗa abinci ya tsaya, bakin ganye ya ƙone. Ƙura ta lulluɓe ganyen da ya rage, awaki su ƙarasa aikin.

Sai dai ba kowace zubar ganye ce ciwo ba. Aguwa da bini-da-zugu sukan zubar da nasu ne don rage asarar ruwa, su rayu da abin da suka adana a jikinsu har damina. Yawan ban-ruwa ma yana iya ruɓar musu da saiwa. Gawo kuwa sabanin haka yake yi: da rani yake kore, da damina ya zubar.

Saboda haka matakin farko shi ne bincike. A kankare ɓawon reshe kaɗan da farce. Idan aka tarar da kore mai damshi a ƙarƙashi, reshen yana da rai, domin a nan ne siririn shimfiɗin da ake kira kambiyom yake, wanda ke samar da sabon itace da sabon ɓawo. Idan launin ƙasa aka gani, kuma reshen ya karye ƙaras da an lanƙwasa shi, sai a gangara ƙasa a sake gwadawa har a iske mai rai. Wannan gwaji ne da malamin aikin gona zai iya yi da ɗalibansa a lambun makaranta cikin darasi guda.

Ruwa ya kamata ya riga wuƙa. A yi gurbi kewaye da gindin, a cika shi da yamma sau biyu a mako yadda zai ratsa can ƙasa. Yayyafin kullum a sama yake tsayawa, saiwa ta biyo shi, rana ta ƙone ta. Inda rijiya ke da nisa, ana binne tulu kusa da gindi a riƙa cika shi, yana tsatsafar da ruwan a hankali. A wanke ƙurar ganye, a shimfiɗa ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, amma a bar tazarar tafin hannu daga jikin itacen saboda gara. Takin zamani kuskure ne a wannan hali, domin gishirinsa kan janye ruwa daga saiwar da ta riga ta galabaita. Ruɓaɓɓen takin dabbobi ya fi, shi ma sai an ga toho.

Busasshen reshe ana iya cire shi kowane lokaci, da kaifaffiyar wuƙa, a karkace, ɗan sama da ido mai rai. Babban datsa kuwa gara a jinkirta shi zuwa Mayu, gab da faɗuwar damina, domin sabon toho ba ya jure zafin Afrilu da kan haura digiri 40. Dalilin da ya sa datsa ke kawo toho shi ne, kan reshe yana aika wani sinadari mai suna oksin zuwa ƙasa, wanda ke hana idanun gefe buɗewa. Da an cire kan, sai su farka. Masu noman lalle da zogale sun daɗe da sanin haka a aikace. A kiyaye ido daga farin ruwan aguwa lokacin yanka.

Ko da saman tsiro ya mutu ƙurmus, saiwar tana iya kasancewa da rai. A 1983, a yankin Maraɗi, wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sassabewa a gonaki toho ne daga kututturen itatuwa masu rai. Manoma suka riƙa zaɓen rassa kaɗan masu ƙarfi suna barinsu, suna cire sauran, kuma an ƙiyasta cewa dabarar ta dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Haka za a yi wa kututturen lalle ko gwaiba a lambu: a bar toho biyu ko uku, a kewaye shi da ƙaya. Lemun aure kuwa yana buƙatar lura, domin tohon da ya fito ƙasa da mahaɗar auren na gindin ne, kuma ba zai ba da irin 'ya'yan da aka shuka dominsu ba.

Tsiron da bai motsa ba sai a ba shi har ƙarshen Yuni. In ruwa ya zauna bai tofo ba, a haƙe shi, a duba saiwar ko gara ce ta cinye ta, sannan a dasa wani a gurbin tun da sauran damina a gaba.