Jiragen Yaƙin da Suka Yi Shiru a Umuahia

A gefen garin Umuahia, babban birnin Jihar Abiya, akwai wani fili da aka jera tsofaffin jiragen yaƙi a cikinsa, rana ta dake su, ruwa ya wanke su, shekara da shekaru. Fenti ya koɗe, gilashin da ke rufe mazaunin matuƙi ya yi hazo kamar idon da yana ta rufe, tayoyi sun tsattsage. Wanda ya shigo a gurguje zai iya ɗauka ya faɗo hannun 'yan gwangwan. To amma nan ne Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa, kuma waɗannan ƙarafa su ne ragowar jiragen da suka yi shawagi a sararin Najeriya lokacin yaƙin basasa, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970.

An kafa gidan a 1985. Ba a zaɓi Umuahia da ka ba: bayan Enugu ta faɗa hannun sojojin tarayya a Oktoban 1967, nan ne Biyafara, yankin da ya ɓalle daga Najeriya, ta mayar da hedikwatarta har zuwa Afrilun 1969, kuma a wannan fili ne ramin ƙarƙashin ƙasa da gidan rediyonta ke watsa shirye-shirye yake. Akwai ɗakunan da aka ajiye makaman gargajiya da kakin soja da hotuna, akwai motocin sulke ƙirar hannu, da wani bam mai suna Ogbunigwe, har da jirgin ruwan yaƙi mai suna NNS Bonny da aka girke a kan tudu. Duk waɗannan sun cancanci a tsaya a kansu. Ni dai jirage uku ne suka ɗauke mini hankali, kuma ina ganin Bahaushe na da haƙƙin ya san labarinsu, domin na farkonsu ta ƙofar Kano ya shigo.

Lokacin da yaƙi ya ɓarke, rundunar sojin saman Najeriya jaririya ce, shekararta uku kacal, tunda a 1964 aka kafa ta da taimakon Jamus ta Yamma. Abin da take da shi jiragen koyo ne da na jigila. Ingila da Amurka suka ƙi sayar wa gwamnatin Yakubu Gowon jiragen yaƙi, ita kuwa ta juya wajen Tarayyar Sobiyet. A watan Agustan 1967 manyan jiragen dakon kaya ƙirar Antonov suka fara sauka a filin jirgin Kano ɗauke da MiG-17 a warware, a nan aka harhaɗa su. Matuƙa kuwa aka samo daga Masar. Kano dama ta saba da irin wannan baƙunci, don tun a Nuwamban 1925 jirgin sama ya sauka a nan, shi ma daga Masar ya taso.

Idan ka tsaya gaban MiG-17, abu na farko da za ka lura da shi shi ne ba shi da hanci. Kafa ce kawai a buɗe kamar bakin tulu, ta nan inji ke zuƙar iska. Fikafikansa sun karkata baya, kuma a samansu akwai wasu siraran ƙarafa a tsaye kamar katanga, aikinsu hana iska zamewa zuwa ƙarshen fiffike idan jirgi ya yi kwana mai tsanani. Ƙarƙashin bakin nan ne mazaunin bindigoginsa uku, ɗaya mai faɗin baki milimita 37, biyu masu milimita 23. Gudunsa ya kai wajen kilomita 1,100 a awa. An ƙera shi ne don ya kori jiragen abokan gaba a can ƙololuwar sama, sai ga shi a ƙasar da abokin gabar bai da jiragen kirki, aka koma amfani da shi wajen harbin abin da ke ƙasa. Akwai kuma abin dariya a cikin tarihinsa. Injinsa jikan wani injin Rolls-Royce ne mai suna Nene, wanda Ingila ta sayar wa Sobiyet a 1946, su kuma suka kwaikwaya suka inganta. Wato Ingilar da ta hana jirgi, fasaharta ce ta biyo ta bayan gida ta sauka a Kano.

Na biyu shi ne Ilyushin Il-28, mai jefa bama-bamai, inji biyu, ɗaya ƙarƙashin kowane fiffike. Mutum uku ke shigarsa: matuƙi a sama, mai duba hanya da saita bam a cikin hancin da aka yi da gilashi, sai mai bindiga shi kaɗai can a wutsiya. Yana iya ɗaukar bam har tan uku. A nan ne ya kamata mai ziyara ya rage murya. Jiragen wannan yaƙi ba sansanonin soja kaɗai suka faɗa wa ba, bama-bamai sun sauka a kasuwanni da asibitoci da unguwanni, mata da yara sun mutu. Tsohuwar da za ka gifta a kasuwar Umuahia, mai yiwuwa tana yarinya ta kwanta rubda-ciki a daji saboda ƙarar wannan jirgi da kake ɗaukar hoto a gindinsa. Mu a Arewa labarin yaƙin ya iso mana ne ta bakin 'yan mazan jiya da waƙoƙin zuga sojoji. Can kuwa ta sama ya iso musu.

Na ukun ne ya fi ba mutum mamaki, saboda ƙanƙantarsa. Kusa da Ilyushin sai ka ga kamar ɗan tsako a gefen jimina. Sunansa MFI-9B, ƙirar wani kamfani a birnin Malmo na ƙasar Suwidin, kujera biyu, farfela ɗaya, inji mai ƙarfin doki 100, faɗin fikafikansa bai kai mita takwas ba. Jirgin koyon tuƙi ne. Wanda ya mayar da shi makami wani basaraken Suwidin ne, Carl Gustaf von Rosen, wanda tun 1935 ya yi tuƙin jirgin agaji a Habasha lokacin da Italiya ta mamaye ta. A 1968 ya shiga jigilar abinci zuwa Biyafara, abin da ya gani ya sa ya yanke shawarar cewa sai an lalata jiragen tarayya tun suna ƙasa. Aka sayi guda biyar, aka kai su Gabon, aka shafa musu fentin sajewa da daji, aka ɗaura wa kowanne rokoki goma sha biyu, shida a kowane fiffike. Ranar 22 ga Mayu 1969 suka afka wa filin jirgin Fatakwal, daga baya Benin da Enugu. Dabararsu ita ce tafiya ƙasa-ƙasa daf da kan itatuwa, ba magana a rediyo, su sako rokoki su juya. MiG mai gudun tsiya ba ya iya rage gudu ya bi abin da ke rarrafe haka. Aka yi musu laƙabi da jariran Biyafara.

Ba su sauya sakamakon yaƙin ba, amma sun harzuƙa shi. Kafin nan jiragen agaji na coci-coci da na Red Cross suna sauka da dare a Uli, wani titin mota da aka faɗaɗa ya zama filin jirgi. Makonni biyu bayan harin Fatakwal, ranar 5 ga Yuni 1969, wani MiG-17 ya harbo jirgin Red Cross ƙirar DC-7, kowa a ciki ya mutu, ƙungiyar ta dakatar da jigilarta, a daidai lokacin da yunwa ke cin yara. Shi kuwa von Rosen, ajalinsa na Habasha: an kashe shi a garin Gode a 1977, lokacin yaƙin Ogaden.

Yanzu kuma wani yaƙin ake yi da waɗannan jirage, kuma su ake ci. Jikin jirgi galibi alminiyam ne, ƙarfen nan mara nauyi da maƙera ke narkawa su yi tukwane. Ba ya yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, shi ya sa ake ruɗuwa a ce lafiyarsa lau. Tasa cutar fari ce, wani gari-gari da ke fitowa a jikinsa kamar kanwa, yana cinsa daga ciki har ya fara ɓarewa. Ta fi tsanani inda ƙusar baƙin ƙarfe ta haɗu da alminiyam, domin idan danshi ya shiga tsakanin ƙarfe biyu mabambanta, ɗaya na cinye ɗaya. Ruwa na bi ta tsagar gilashi ya kwanta a cikin jirgin inda ido ba ya kaiwa. Tsuntsaye su yi sheƙa a bakin inji, kashinsu kuma na cin fenti. Umuahia kuwa na samun ruwan sama sama da milimita 2,000 a shekara, fiye da ninki biyu na abin da Kano ke samu.

Wannan ne dalilin da ya sa Amurka ta kai tsofaffin jiragenta na soja, dubbai, ta jibge a Tucson cikin hamadar Arizona, inda iska ke bushe kuma ƙasa ke da tauri. Can ma sai sun wanke jirgi, sun toshe ƙofofinsa, sun fesa masa wani farin rufi mai mayar da zafin rana. Manomin da ke ɗora rumbu kan duwatsu ya yi masa jinka ya san wannan ilimi tun kafin a ƙera jirgi.

Masu adana kayan tarihi suna da saɓani a kan gyara. Wasu na son a kankare jirgi a fente shi ya dawo fes kamar ranar da ya bar masana'anta. Wasu na cewa tsohon fenti, da lambar da aka rubuta da hannu, da facin da bakanike ya yi a inda harsashi ya huda, su ne shaidar, wanda ya shafe su ya shafe labarin. Ni ina tare da na biyun, musamman a kan ɗan jirgin Suwidin, wanda darajarsa duk tana cikin alamun gaggawa da ƙarancin kayan aiki. Sabon fenti a kan ƙarfen da ke ruɓewa kwalliya ce kawai ga masu ɗaukar hoto. Abin da jiragen ke buƙata da farko rumfa ce, a ɗaga su daga kan tayoyinsu a ɗora bisa madogaran ƙarfe, a toshe hanyar ruwa da ta tsuntsu. Kwano da ginshiƙai ba su kai kuɗin fiffike ɗaya na sabon jirgin yaƙi ba.

Idan tafiya ta kai ka Aba ko Owerri ko Fatakwal, ratsewa Umuahia ba ta da wuya. Ka je da safe kafin rana ta gasa ƙarfe, ka nemi mai zagayawa da baƙi, kada ka hau kan fiffike don hoto, domin ƙarfen da ya ɗauki tan uku a da yanzu takun mutum ɗaya na iya lotsa shi. Ka sunkuya ka duba ƙarƙashin ciki, nan ne fentin asali ya fi daɗewa, kuma a irin waɗannan jirage na Sobiyet nan ne akan ga ƙananan rubuce-rubucen gargaɗi da masana'anta ta buga wa kanikawa. In akwai tsohon soja a unguwarku, ka nuna masa hotunan idan ka dawo, ka kunna rikodar wayarka kafin ya fara magana. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara ashirin a 1967 yanzu yana daf da tamanin.