Awon Zurfin Ruwa: Daga Teku Zuwa Madatsar Ƙauyenmu

A wannan fitowa za mu yi magana a kan wani aiki da ba a cika jin labarinsa ba, wato awon zurfin ruwa da zana taswirar ƙasan da ke ƙarƙashinsa. Yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba, amma takin zamani da kifin ƙanƙara da muke saya a kasuwa, da yawansu a jirgin ruwa suke shigowa ƙasarmu. Jirgi kuwa ba ya shiga tasha lafiya sai an san zurfin hanyarsa.

Yadda ake awon

Wannan aiki tsoho ne. A Ayyukan Manzanni sura 27 mun karanta yadda matuƙan jirgin da ya ɗauki Manzo Bulus suka gwada zurfin ruwa da dare. Da farko suka sami gaba ashirin, da suka ƙara matsawa suka sami gaba goma sha biyar. Ta haka suka gane sun kusa tudu, suka saki anka. A zamanin da, igiya ake ɗaura wa dalma a jefa cikin ruwa.

Yau da na'ura ake yi. Tana aika ƙara zuwa ƙasan teku, ta lissafa lokacin da amsar ta ɗauka kafin ta dawo. Ƙara tana tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwan teku. Idan amsar ta dawo bayan daƙiƙa 2, zurfin wurin mita 1,500 ke nan, domin tafiya ce da dawowa. Daga dubban awo irin wannan ake zana taswira mai nuna duwatsu, tarin yashi da jiragen da suka nutse.

A shekarar 1921 ƙasashe suka kafa hukumar da ke kula da wannan aiki, ofishinta yana Monako. Ana kuma tunawa da aikin kowace ranar 21 ga Yuni. A 2021 rundunar sojan ruwa ta Nijeriya ta karɓi jirgin awo mai suna NNS Lana, wanda aka ƙera a Faransa. Duk da haka, zuwa 2024 kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na ƙasan tekun duniya aka auna da kyau.

Amfaninsa

Taswira mai kyau tana hana jirgi cin karo da dutse, man da ya ɗauko ya malala ya kashe kifi. Tana nuna wuraren da kifi ke hayayyafa domin a kāre su. Tana kuma nuna inda teku ke cin gaɓa, da inda yashi ya cike hanya har sai an yashe.

Ina ruwanmu da wannan?

Ƙoramar da ke bayan gonakinmu tana zuba a kogi. Binuwai da Neja sun haɗu a Lakwaja, daga can ruwan ya gangara teku. Ƙasar da zaizaya ke kwashewa daga gonakinmu tana kwanciya a gindin kogi da madatsa. Idan gindin ya cika, wurin zaman ruwa ya ragu: da damina ya yi ambaliya, da rani ya ƙafe da wuri. Ba mu manta da ambaliyar 2012 ba, wadda ta raba mutane sama da miliyan 2 da gidajensu.

Abin da za mu iya yi

1. Kwamitin ruwa na ikkilisiya ya tanadi igiya mai dutse a baki, a yi ƙulli a kowane rabin mita.
2. A zaɓi wurare uku ko huɗu a madatsa ko tafki, a sa alama a gaɓa domin a riƙa komawa wuri ɗaya.
3. A yi awon sau ɗaya a shekara, lokacin da ruwa ya cika har yana tsiyaya ta mafitarsa. Idan aka auna a wani lokaci dabam, lissafin ba zai yi daidai ba.
4. A rubuta sakamakon a littafi. In zurfin yana raguwa shekara bayan shekara, laka ce ke taruwa.
5. A dasa jema, a jera duwatsu a gicciye a gonakin gangare, a kuma daina noma har bakin ruwa.

Manya waɗanda suka iya iyo ne kawai za su shiga kwalekwale, mutum biyu aƙalla, da rigar kariya. Kada a aiki yara.

Allah ya ba mu amanar ruwa kamar yadda ya ba mu ta ƙasa, mai riƙon amana kuwa dole ya san yawan abin da ke hannunsa. Muna roƙon fastoci, dattawa da shugabannin zumuntar mata su tattauna wannan kafin ƙarshen damina. Ikkilisiyar da ke bukatar taimako ta sanar da ma'aikacinmu idan ya kawo ziyara.

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanku. Amin.