Masaukin Ƙaramin Shafin Intanet: Abin da Mai Sana'a a Abuja Zai Bincika Kafin Ya Biya

Kowane shafin intanet, ko na makaranta mai zaman kanta ne a Kubwa ko na shagon atamfa a kasuwar Wuse, tarin rubutu ne da hotuna da aka ajiye a cikin wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, wadda ake kira saba, kuma wanda ke ba da hayar wuri a cikinta shi ne kamfanin masauki. Ƙaramin shafi ba ya buƙatar saba sukutum, saboda haka akan haɗa shi da ɗaruruwan shafuka a kan na'ura guda, tamkar gidan haya mai ɗakuna da yawa da rijiya ɗaya, inda kuɗin ke da sauƙi amma idan maƙwabci ya ƙarar da ruwan kowa zai ji a jikinsa. Wannan tsari ya wadatar da mafi yawan ƙananan sana'o'i. Inda gizo ke saƙa shi ne cewa yawancin masu neman masauki farashi kaɗai suke dubawa, alhali abin da ke raba amintaccen kamfani da waninsa shi ne ko mai shafi zai iya kwashe kayansa ya tafi duk ranar da ya ga dama.

Maganar tana farawa ne daga sunan shafin, wato adireshin da mutane ke rubutawa su iso gare shi, wanda ake biyan kuɗinsa daban da na masauki, shekara-shekara. Sunayen da ke ƙarewa da .ng suna hannun ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005 ta kuma karɓi wannan amana da yardar hukumar NITDA mai hedikwata a Abuja, kuma ita ce ke tantance kamfanonin da aka yarje wa yin rajista. Abin da ya zama ruwan dare, kuma abin takaici ne ƙwarai, shi ne mai sana'a ya damƙa komai ga matashin da ya gina masa shafin, shi kuma ya yi rajistar da sunansa da imel ɗinsa. Ranar da suka saɓa, ko yaron ya bar gari, sai a wayi gari adireshin da aka buga a jikin allo da takardun kamfani ba mallakin kamfanin ba ne. Dole ne rajistar ta kasance da sunan mai sana'ar, kalmar sirri tana hannunsa, kamfanin rajistar kuma ya yarda a rubuce cewa zai ba shi lambar da ake canja suna da ita zuwa wani kamfani ba tare da jan ƙafa ba.

Sai batun kuɗi, wanda a Nijeriya ba a raba shi da canjin dala. Kafin Babban Banki ya saki naira a watan Yunin 2023, dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, amma zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, ta yadda wanda ke biyan kamfanin Amurka ya ga kuɗin masaukinsa ya ninka sau uku a farashin gwamnati ba tare da an ƙara masa komai ba. Tun a 2022 ma manyan bankuna suka fara dakatar da biyan kuɗi a ƙetare da katin naira, sai a 2025 wasunsu suka dawo da shi. Wannan hujja ce mai ƙarfi ta zaɓar kamfanin da ke karɓar naira, sai dai a nemi sanin kuɗin sabuntawa a shekara ta biyu, domin rahusar shekarar farko sau da yawa ƙoto ce.

Amma biya da naira ba ya nufin shafin yana cikin Nijeriya, domin da yawa daga kamfanonin gida dillalai ne da ke sarar wuri a sabobin Turai da Amurka. Dillanci ba laifi ba ne, ɓoye shi ne laifi, kuma muhimmancin wurin ya fito fili a ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har harkokin bankuna suka samu cikas. Cibiyar IXPN, wadda aka kafa a 2006 don haɗa kamfanonin sadarwar cikin gida kai tsaye, tana da mahaɗa a Legas da Abuja da Kano, kuma shafin da sabarsa ke haɗe da ita ba sai saƙonsa ya ƙetare teku ba kafin ya iso wayar mutumin Gwarinpa. Manyan cibiyoyin ajiyar saba na kasuwanci, irin su Rack Centre, a Legas suke, yayin da ta Galaxy Backbone da ke Abuja ta fi karkata ga ma'aikatun gwamnati. Wanda abokan cinikinsa 'yan Nijeriya ne ya fi dacewa da saba ta cikin gida mai tsayayyar wuta, wanda kuma ke sayar wa mazauna Ingila yana da dalilin ajiye shafinsa kusa da su.

Kusan kowane kamfani yana alƙawarin cewa shafi zai kasance a buɗe kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci, wanda a lissafi yake nufin rufewar kusan awa tara a shekara, alhali kashi 99 yana nufin fiye da kwana uku da rabi. Alƙawarin da ba a rubuta diyyar saɓa shi a cikin yarjejeniya ba talla ce kawai.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne kwafin ajiya, wato kwafin shafin gaba ɗaya da ake ɗauka lokaci-lokaci don mayar da shi idan ya lalace ko 'yan kutse suka ɓata shi. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen kamfanin masauki na OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma wasu masu shafuka sun yi asarar komai saboda kwafinsu yana cikin harabar da ta ƙone. Idan haka ta faru da ɗaya daga manyan kamfanonin Turai, babu hujjar da mai asibiti a Garki zai bar kwafinsa a wuri ɗaya. Ya tambayi sau nawa ake ɗauka, ina ake ajiyewa, kuma ya riƙa sauke nasa da hannunsa. Wannan ya ƙara zama wajibi ga wanda ke karɓar sunayen ɗalibai ko marasa lafiya, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda hukumar NDPC ke aiwatarwa daga Abuja, ta ɗora alhakin tsaronsu a kan wanda ya tattara su, ko da wani ya ba wa ajiyar.

Takardar tsaro da ke rufe saƙo tsakanin shafi da mai ziyara kyauta ake samunta daga Let's Encrypt, saboda haka kamfanin da ya tilasta wa ƙaramin shafi sayenta ya cancanci a yi masa kallon tsanaki. Sashen kula da abokan ciniki kuwa ana iya gwada shi tun kafin a biya ko sisi, ta hanyar aika masa tambayar fasaha a daren Asabar, misali yadda ake kwashe shafi a koma wani kamfani, sannan a duba tsawon lokacin da amsar ta ɗauka da kuma ko wanda ya san aikin ne ya rubuto ta.