Tekun Da Ya Taɓa Rufe Sakkwato Da Amanar Tarbiyyar 'Ya'yanmu

Duk shekara idan jarrabawar kammala sakandare ta ƙarato, iyaye daga Unguwar Sarki, Malali da Kawo sukan tare mu bayan sallah da tambaya guda: yaro ya iso babin burbushin halittu da sauyawarsu a darasin ilimin halittu, shin a ce masa ƙarya ce? Amsarmu ita ce a'a. Ga dalili.

Garinmu ya samo sunansa daga kadojin da ke koginsa, amma ko mun haƙa ƙasarsa har mu tarar da dutse, ba za mu ga ƙashin tsohon kada ba. Kaduna na zaune ne a kan daɗaɗɗen dutse wanda zafi da matsin cikin ƙasa suka samar, kuma irinsa ba ya adana gawa. Dutsen da ke adanawa shi ne wanda laka da yashi suka kwanta hawa-hawa a ƙarƙashin ruwa har suka daskare. Dabba ta mutu, laka ta binne ta, ma'adinai su maye gurbin ƙashinta sannu a hankali.

Irin wannan dutse na nan a ƙasar Sakkwato, inda teku ya taɓa shimfiɗuwa. A can aka tono ƙasusuwan wata dabbar teku mai kama da ƙaton guza, wadda ta rayu kimanin shekaru miliyan 70 da suka shuɗe, masana suka raɗa mata Goronyosaurus don tunawa da Goronyo. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita cike take da ɓawon halittun ruwa. A Gadufawa kuwa, cikin saharar Agadas, an sami Sarcosuchus, dangin kada mai tsawon da ya kai mita 9. Ana ƙididdige shekarun duwatsu ne da ma'adinai irin yuraniyom, wanda ke rikiɗa ya koma darma a ma'aunin lokaci sananne.

Hawan duwatsun duniya kuma yana da tsari: kifaye sun riga dabbobin tudu bayyana, wasu jinsuna sun ɓace, wasu sun sauya siffa. Wannan na cikin manyan hujjojin masana kan sauyawar halittu.

Magabatanmu ba su guji wannan bincike ba. Albiruni, wanda aka haifa a shekarar 973, ya lura da ɓawon halittun ruwa da ake samu wajen haƙar rijiyoyi a hamadar Larabawa, ya ce wurin teku ne a da. Aya ta 20 a Suratul Ankabut ma umarni ce da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda halitta ta faro.

Halittar Annabi Adamu, alaihis salam, daga wahayi muka karɓe ta, kuma a kanta muke. Sai dai ba a kare aƙida da musun ƙashin da hannu ke taɓawa. Yaron da muka ce wa babu burbushi, ranar da ya tsaya gaban ƙwarangwal a gidan tarihi na Yamai, ba littafin makaranta zai tuhuma ba, mu zai tuhuma, kuma muna tsoron tuhumar ta zarce zuwa abin da muka karantar da shi na addini.

Saboda haka mu bar shi ya karanta babin da kyau, ya fahimci hujjojinsa, sannan mu zauna da shi a kan abin da ya shige masa duhu. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani.